Ƙasashe Tara Sun Yi Gayya a Tekun Arewa Don Samun Lantarki Daga Iska

Duk malamin da ya taɓa rataya taswirar Turai a gaban aji ya san wani teku da ya shiga tsakanin ƙasashe kamar tafki a tsakiyar ƙauyuka. Ingila na yamma da shi, Norwe da Danmak na gabas, Jamus da Holan da Beljiyam kuwa suna kudu. Shi ne a ke kira Tekun Arewa. Shekaru aru-aru abin da mutanen gaɓarsa suka sani game da shi bai wuce kifi da fatauci da yaƙi ba. Daga baya aka haƙo mai da gas a ƙarƙashinsa. To, yanzu ga wani arziki kuma ya bayyana, wanda tun fil azal yana nan, masu jiragen ruwa suna kuka da shi, watau iska.

Mun ga ya kamata mu ba masu karatu wannan labari saboda darasin da ke cikinsa. Mai da gas, kowace ƙasa tana iya haƙo nata, ta adana a tanki, ta rufe ƙofa. Iska kuwa ba ta shiga tanki, ba ta kuma san iyaka ba. Saboda haka ƙasashen da kakanninsu suka nutsar wa juna da jirage a wannan teku, yau larura ta sa suna shimfiɗa wayoyi a ƙarƙashinsa, suna ɗaure fitilun gidajensu da igiya guda.

Injin Iska

Bari mu fara da sanin injin kansa. Wani dogon ginshiƙi ne na ƙarfe, a kan kafa gindinsa a ƙasan teku, a ɗora masa wani ɗaki a ƙololuwa, a maƙala masa fukafukai uku. Fankar da ke ofis, wuta ke shiga cikinta ta fid da iska. Wannan kuwa akasin haka ne: iska ke juya fukafukan, su kuma su juya janareta da ke cikin ɗakin, wuta ta fito. Ana auna ƙarfin wutar da megawat. Megawat ɗaya ya isa ya kunna ƙwan fitila 10,000 masu wat 100 a lokaci guda. In mai karatu na son ma'auni na gida, injinan da aka kafa a madatsar ruwa ta Kainji, in an haɗa ƙarfinsu duka, megawat 760 ne.

Mutanen Danmak su suka fara kafa jerin irin waɗannan injina cikin teku, a wani wuri mai suna Vindeby, cikin 1991. Guda 11 ne kacal, kuma wutarsu duka ba ta cika megawat 5 ba. Sun yi aiki har 2017, sa'an nan aka cire su. Cikin 2002 Danmak ta sake kafa guda 80 a Horns Rev, masu ba da megawat 160. Daga nan abin ya yi ta bunƙasa, har aka kai ga gandun injina na Dogger Bank, wanda ke da nisan kilomita 130 daga gaɓar Ingila. Injin da aka fara kafawa can, tsawonsa daga ruwa zuwa ƙarshen fiffike ya kai mita 260, fiffike ɗaya kuwa mita 107 ne. Guda ɗaya yana ba da megawat 13, watau ya ninka na Vindeby gaba ɗaya fiye da sau biyu. Gandun ya fara ba da wuta cikin Oktoba 2023, kuma an tsara shi ne ya ba da megawat 3,600.

Dalilin da ya sa a ke barin tudu a shiga ruwa uku ne. Iskar teku ta fi ƙarfi, ta kuma fi ɗorewa, don babu duwatsu ko gine-gine da za su tare ta. Babu gidaje ko gonaki da za a biya diyya. Sa'an nan kudancin Tekun Arewa ba shi da zurfi. Shi kansa Dogger Bank shekaru dubbai da suka wuce tudu ne, mutane da namun daji suna yawo a kai, har yau masunta kan jawo ƙasusuwan wata irin giwa ta zamanin da cikin tarunsu.

Aibin Iska da Maganinsa

To, amma iska ba baran kowa ba ce. Tana zuwa sa'ad da ta so, ta ɗauke sa'ad da ta so. Ita kuma wutar lantarki, galibinta sai an yi amfani da ita a daidai lokacin da aka samar da ita, gama manyan batura da a ke da su ba su iya riƙe birni sai na 'yan sa'o'i. Ran da iska ta yi yawa a Danmak, wuta kan fi ƙarfin bukata, har a tsai da waɗansu injina, arziki ya wuce a banza. Ran da ta kwanta kuwa, musamman da hunturu sa'ad da rana ma ba ta fitowa sosai, sai a koma ƙona gas da gawayin kwal masu tsada.

Maganin da masana suka gani shi ne faɗaɗa fili. Sau da yawa in iska ta kwanta a gaɓar Jamus, tana kaɗawa a gaɓar Sikotlan, don guguwa tafiya ta ke yi daga wannan yanki zuwa wancan. In akwai waya tsakani, mai yalwa ya aika wa mai rashi, gobe kuma a rama masa.

Babban abin dogaro kuwa shi ne Norwe. Ƙasa ce ta duwatsu da tafkuna, kusan kashi 9 cikin 10 na wutarta daga madatsun ruwa ta ke samu. Ruwan madatsa kuwa yana ajiyuwa. Ran da iska ta yi ƙarfi a Danmak ko Jamus, wuta ta yi araha, sai Norwe ta rufe ƙofofin ruwanta, ta sayi wutar iska ta yi amfani da ita, ruwanta na nan kwance. Ran da iska ta ɗauke, sai ta buɗe ƙofofin, ta sayar musu. Watau tafkunan Norwe sun zama rumbu ke nan: a tara da kaka, a ɗiba da bazara.

Waya Cikin Ruwa

Shimfiɗa waya a ƙasan teku yana da tasa wahala. Wutar da ke shiga gidajenmu kai da komo ta ke yi cikin waya, sau 50 cikin sakan guda. Irin wannan wuta in an saka ta cikin wayar teku, wadda aka naɗe da roba da ƙarfe mai kauri, wayar kanta ke shanye ta, kamar yadda lambatu mai yashi ke shanye ruwa kafin ya kai kan shuka. In tsawon ya kusa kilomita 100, abin da ke isa ƙarshe ba shi da yawa. Don haka a kan gina tasha a bakin waya, a mai da wutar mai miƙewa, wadda ke tafiya fuska guda kamar ruwan kogi, in ta ƙetare kuma wata tasha ta mai da ita yadda ta ke.

Wannan dabara tana da wani amfani kuma. Duk injinan da ke kan waya ɗaya mai kai da komo, tilas bugunsu ya zama ɗaya, kamar mata masu lugude a turmi guda: in ɗaya ta saɓa, taɓare su gwabza. Birtaniya tana da nata bugu, ƙasashen arewa irin su Norwe da Suwidin suna da nasu, Jamus da Faransa da maƙwabtansu kuma nasu dabam. Wuta mai miƙewa ita ce ke iya shiga tsakaninsu ba tare da kowa ya sake bugunsa ba.

Wani injiniya ɗan Suwidin, Uno Lamm, shi ya shugabanci aikin farko irin wannan cikin 1954, sa'ad da aka haɗa tsibirin Gotland da sauran ƙasar Suwidin da waya mai kusan kilomita 100, tana ɗaukar megawat 20. Cikin 1961 aka haɗa Ingila da Faransa da waya mai megawat 160. Cikin 1976 da 1977 aka haɗa Norwe da Danmak. Cikin 2008 aka buɗe ta Norwe zuwa Holan, kilomita 580. Cikin 2021 aka buɗe biyu, ɗaya daga Norwe zuwa Jamus, ɗaya kuma daga Norwe zuwa Ingila mai kilomita 720. A ƙarshen 2023 aka buɗe Viking Link tsakanin Danmak da Ingila, kilomita 765, watau ta fi nisan Kano zuwa Maiduguri. Kowace cikin waɗannan uku na ƙarshe an gina ta ne don megawat 1,400.

Waya Ɗaya, Aiki Biyu

Duk waɗannan da muka lissafa, daga gaɓa zuwa gaɓa su ke. Gandayen injina kuma kowanne yana da tasa waya zuwa ƙasarsa kaɗai. Ga shi kuwa iska ba kullum ta ke cika waya ba, saboda haka wayar gandu kan yi sa'o'i masu yawa rabinta babu kome. Sai aka ce, me zai hana a haɗa gandun wannan ƙasa da na waccan a tsakiyar teku, waya ɗaya ta yi aiki biyu? In akwai iska ta kai wuta gaɓa, in babu ta zama hanyar ciniki tsakanin ƙasashen.

An fara gwada wannan a Tekun Baltik, a wani tudun yashi mai suna Kriegers Flak, inda ruwan Danmak da na Jamus da na Suwidin suka haɗu. Cikin 2020 aka ja waya tsakanin tashar gandun Danmak da ta gandun Jamus, mai ɗaukar megawat 400. Da ya ke gabashin Danmak bugun ƙasashen arewa ya ke bi, sai da aka gina tashar daidaitawa a Bentwisch, kusa da birnin Rostock na Jamus.

Nan take wata tambaya ta taso wadda injiniya ba ya iya amsawa. In wutar gandu da wutar ciniki suka yi karo a kan waya, wace za ta fara wucewa? Dokar Tarayyar Turai ta ce a bar wa ciniki kashi 70 cikin 100 na ƙarfin duk wayar da ta ƙetare iyaka. In an bi wannan, sai a riƙa tsai da injina alhali iska na kaɗawa. Sai da hukumar Tarayyar ta ɗage wa wannan aiki dokar na shekara 10. Daga nan kowa ya gane cewa saƙa waya a teku aikin lauya da ma'aji ne kamar yadda ya ke aikin injiniya.

Taruka da Alkawura

Kafin a kai ga haka sai da aka raba ƙasan tekun kansa. Jamus ta yi shari'a da Danmak da Holan a Kotun Duniya da ke birnin Heg a kan iyakar kowa, aka yanke hukunci cikin 1969, suka zauna suka shata iyaka cikin 1971. Da ba a kashe wannan magana ba, da babu mai yarda ya kafa ƙarfe a wurin da a ke jayayya.

Cikin Disamba 2009 ministocin ƙasashe tara suka taru a Burusel, suka ƙudura yin shawara tare a kan wayoyin Tekun Arewa. Norwe ta shigo, suka zama goma, suka sa hannu a takarda cikin Disamba 2010. Har da Luksambag, wadda ba ta da gaɓar teku ko taki ɗaya, amma tana shan wuta daga maƙwabta. Cikin 2016 aka sabunta ƙawancen. Da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai cikin 2020, sai ta rasa kujerarta, amma fita daga ƙungiya ba ta ɗauke tsibiri daga inda Allah ya ajiye shi, kuma rabo mai yawa na iskar a ruwanta ya ke. Cikin Disamba 2022 aka sa hannu a sabuwar takarda, ta dawo teburin shawara.

Abin da ya ƙara musu azama shi ne yaƙi. Da Rasha ta auka wa Yukiren cikin Fabrairu 2022, gas ɗin da Jamus da maƙwabtanta suka dogara a kansa ya yi ta raguwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masana'antu suka shiga uku. Ran 18 ga Mayu, 2022, shugabannin Danmak da Jamus da Holan da Beljiyam suka taru a Esbjerg, tashar jiragen ruwa ta Danmak, suka yi alkawarin megawat 150,000 kafin 2050. Ran 24 ga Afrilu, 2023, aka yi taro mafi girma a Ostend ta Beljiyam, aka ƙara da Faransa da Ailan da Luksambag da Norwe da Birtaniya. Su tara ɗin nan suka ɗaga buri zuwa megawat 120,000 kafin 2030, da 300,000 kafin 2050. In mun auna da Kainji, ya kusa ninki 400. A lokacin taron kuwa abin da ke tsaye cikin ruwa bai wuce kimanin 30,000 ba.

Inda Gizo Ke Saƙar

Alkawari a gaban 'yan jarida abu ne mai sauƙi. Cika shi ne ke da wuya, kuma wuyar ta fi fitowa daga wajen kuɗi.

Kowane ɗan kasuwa ya san in aka buɗe hanya tsakanin garin da gero ke araha da garin da ya ke tsada, farashi zai sauka can, ya hau nan. Manomi ya yi murna, mai awo a gida ya yi kuka. Haka ta faru a kudancin Norwe. Mutanen da suka saba da wuta mai araha, har da ita su ke ɗumama ɗakuna, sai suka ga farashin Jamus da Ingila ya biyo waya ya iske su har gida. Kuɗin cinikin yana shiga baitulmali da kamfanoni, amma takardar biyan kuɗin wuta magidanci ta ke zuwa wa. Cikin Maris 2023 gwamnatin Norwe ta ƙi ba da iznin wata sabuwar waya zuwa Sikotlan. Cikin Disamba 2024 iska ta kwanta a Jamus kwana da kwanaki, farashi ya yi mummunan tashi a kudancin Norwe, har jam'iyyun da ke mulki suka fara cewa in wa'adin tsofaffin wayoyi biyu na Danmak ya cika, kada a sabunta su. Cikin Janairu 2025 gwamnatin haɗin gwiwa ta Norwe ta rabu a kan dokokin wuta na Tarayyar Turai, ɗaya jam'iyyar ta fice, Firayim Minista Jonas Gahr Støre ya ci gaba da tasa kaɗai.

Suwidin ma cikin Yuni 2024 ta ƙi yarda da wata waya mai megawat 700 zuwa Jamus. Hujjarta ita ce Jamus ba ta gyara gidanta ba. Iskarta na arewa, manyan masana'antunta da yawa na kudu, wayoyin da ke tsakani ba su isa ba, amma ta nace farashi ɗaya a ƙasar duka, saboda haka nauyin zai faɗa kan mutanen kudancin Suwidin.

Sai kuma tsadar gini. Cikin 2021 Danmak ta yanke shawarar gina tsibiri a teku, kilomita 80 daga gaɓa, ya zama mahaɗar wayoyi. Da aka buga lissafi, sai aka ɗage aikin cikin 2023, aka sake ɗagewa cikin 2024. Beljiyam ta fara nata cikin 2024, mai sunan Gimbiya Elizabet, kilomita 45 daga gaɓa, da manyan akwatunan siminti da a ke ja a ruwa a nutsar. Amma kuɗin aikin ya ninka, har cikin 2025 aka jingine sashen tashar wuta mai miƙewa. Tambayar kullum ita ce: in tsibiri na ruwan wannan ƙasa, wutar kuma waccan ke sha, wa zai biya, kuma nawa?

Akwai kuma sha'anin tsaro. Cikin Satumba 2022 aka fasa bututun gas na Nord Stream a Tekun Baltik. Ran 25 ga Disamba, 2024, wayar da ke tsakanin Finlan da Estoniya ta yanke, hukumomin Finlan suka kama wani jirgin dakon mai, Eagle S, bisa zargin ya ja ƙugiyarsa a ƙasan teku. Waya mai kilomita ɗaruruwa ba ta tsaruwa da ɗan sanda guda. Shi ya sa cikin Afrilu 2024 ƙasashe shida na Tekun Arewa suka yi yarjejeniyar musayar labari don tsaron abin da suka shimfiɗa. Masunta ma suna da nasu kuka, gama wuraren da suka gada ne a ke kafa ƙarafa.

Abin Lura

Ra'ayinmu shi ne mutanen Norwe ba su yi laifi ba da suka koka, kuma maƙwabtansu ba su yi kuskure ba da suka nemi waya. Ita ma Norwe, shekarar da ruwa ya yi ƙaranci a tafkunanta, wayoyin nan ne ke kawo mata ɗauki. Kuskuren da aka yi shi ne an gaggauta ja waya, an jinkirta maganar rabo. Gayya ba ta ɗorewa in kullum gonar mutum ɗaya a ke nomewa, ko in wanda ya ba da fartanya bai san ranar da za a zo tasa ba. Ƙasar da ta ba da rumbunta, ya kamata talakanta ya ga ribar a aljihunsa, a kuma faɗa masa gaskiya tun da wuri.

Mu ma wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu, ko da ya ke tamu wayar a tudu ta ke. Tun 1976 akwai waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma Nijar ta daɗe tana samun galibin wutarta daga Nijeriya. Cikin 1999 ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiyar haɗa wayoyinsu, mai hedkwata a Kwatano. Da saɓanin siyasa ya taso bayan juyin mulkin Yamai, an yanke wutar cikin Agusta 2023, ba a mai da ita ba sai Maris 2024. Masu ɗinki da masu niƙa da majinyata a asibiti su suka fi jin jiki. Kowa ya ga a fili cewa ƙarfin waya bai wuce ƙarfin amanar da ke tsakanin masu riƙe bakinta biyu ba.

Saboda haka muna roƙon malamai, in sun zo kan darasin Turai, kada su tsaya ga sunayen birane da koguna. Su sa yara su ja layi a taswira daga Norwe zuwa Ingila, daga Danmak zuwa Jamus, su tambaye su wa ke amfana ran da iska ta kaɗa, wa kuma ke amfana ran da ta kwanta, sa'an nan yaya za a raba kuɗin kowa ya yarda. Ma'aikatan ofis kuma, waɗanda ta hannunsu takardun yarjejeniya ke bi, su lura cewa a Kriegers Flak da Norwe duka, abin da ya fi ba da wahala shi ne sharaɗin da ba a rubuta ba tun farko. Yaran da ke gabanmu yau, cikinsu ne za a sami waɗanda za su zauna a teburi da maƙwabta a kan ruwan Kwara da wutar da ke fitowa daga cikinsa. Allah ya ba su basira da riƙon amana, amin.